Daga Seoul zuwa Jibia: Me gudu da ƙwallo ke yi wa ƙwaƙwalwar matashi?

Idan ka tambayi saurayi a Jibia ko a cikin Katsina me ya sani game da Koriya ta Kudu, da wuya amsarsa ta wuce wayar Samsung, ko fim ɗin Jumong, ko Son Heung-min da ya daɗe yana zura wa Tottenham ƙwallo a raga kafin ya bar ta a 2025. Amma akwai wani kambu da ƙasar ta ɗauka wanda ba a sa shi a fim.

A shekarar 2019, masana na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun fitar da wani babban bincike kan ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146. Abin da suka duba shi ne yara nawa ke motsa jiki na awa guda a rana, kamar yadda hukumar ta ba da shawara. A duniya baki ɗaya, kashi 81 cikin 100 ba sa cika awa ɗayan. A Koriya ta Kudu kashi 94 ne, kuma babu ƙasar da ta kai ta. A ɓangaren 'yan matansu ma abin ya kai kashi 97.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, tambayar da ke damun iyaye da malamai a Seoul ita ce dai ke damun na Jibia: me ya sa yaro ba ya iya zama minti ashirin a kan littafi hankalinsa bai tashi ba, kuma me ya sa ƙaramar magana ke zama faɗa? Hanyar da ta kai su can daban take da tamu, amma akwai darasi a ciki.

Yadda karatu ya cinye wasa a Koriya

Ɗalibin sakandare a Koriya idan ya tashi daga makaranta ba gida yake nufa ba. Akwai makarantun lesin masu zaman kansu da ake kira hagwon, inda yara ke ci gaba da karatu har dare. Abin ya yi yawan da sai da hukumomin Seoul suka kafa dokar cewa a rufe su da ƙarfe 10 na dare. A 2023 kaɗai, iyaye sun kashe won tiriliyan 27.1 a kan irin wannan karatun.

Duk wannan wahala saboda jarrabawa ɗaya ce, Suneung, wato JAMB ɗinsu, da ake yi a watan Nuwamba. Ranar ma'aikata kan makara zuwa ofis don hanya ta yi wa ɗalibai sauƙi, kuma a lokacin da ake gwajin sauraron Turanci har tashi da saukar jiragen sama ake dakatarwa. To yaron da ke cikin wannan tsere, wa zai bar shi ya je buga ƙwallo?

Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana yi wa dubban ɗaliban sakandare tambayoyi kan lafiyarsu duk shekara tun 2005. A 'yan shekarun nan, kusan namiji ɗaya cikin huɗu ne ke motsa jiki na awa guda aƙalla kwana biyar a mako. Mata ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Gwamnati ta gwada hanyoyi da dama. A 2011 ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga wasannin intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara suka riƙa shiga da sunan iyayensu ko ta waya, a 2021 aka soke dokar. A watan Agustan 2025 majalisar ƙasar ta amince da dokar hana amfani da waya a cikin aji.

Amma matakin da ya fi dacewa da maganarmu ya zo ne bayan wani abin takaici. A Disambar 2011, wani ɗalibi ɗan shekara 13 a birnin Daegu ya kashe kansa bayan 'yan ajinsu sun daɗe suna cin zalinsa. Ƙasar ta girgiza. A cikin matakan da gwamnati ta fitar a 2012 har da ƙara lokacin motsa jiki a ƙananan sakandare da sanya ɗalibai cikin ƙungiyoyin wasanni na makaranta. Wato ƙasar da ta ɗauki wasa ɓata lokaci ne, ita ce ta dawo tana neman maganin cin zali a filin wasa.

Me ke faruwa a cikin kai?

Idan ka yi gudu ko tafiya da sauri, zuciya na ƙara bugu, jini na ƙara isa ƙwaƙwalwa. Jiki kuma na sakin sinadarai irin su dofamin waɗanda ke sa mutum ya farka ya mai da hankali. Akwai wani sinadarin da masana ke kira BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su girma su ƙulla alaƙa da juna, kuma motsa jiki na ƙara shi. Ɓangaren da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne na gaban kai, daidai bayan goshi. Shi ne birkin mutum. Shi ke ce maka kar ka ɗauki wayar nan sai ka gama shafin, shi ke ce maka kar ka rama zagin nan. Wannan ɓangaren ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Shi ya sa abin da matashi ke yi da jikinsa a waɗannan shekarun yake da muhimmanci.

A 2009, Charles Hillman da abokan aikinsa a Jami'ar Illinois ta Amurka sun sa yara 20 masu kimanin shekara tara tafiya ta minti 20 a kan na'urar gudu, sannan suka gwada su. A ranar da suka yi tafiyar, sun fi mai da hankali, sun kuma fi cin gwajin karatu a kan ranar da suka zauna kawai. A 2014 wannan tawaga ta fitar da sakamakon gwajin wata tara kan yara 221. Waɗanda aka sa cikin wasannin bayan makaranta sun fi sauran ci gaba wajen kame hankali da iya sauyawa daga wani aiki zuwa wani ba tare da rikicewa ba.

Sai dai fa kar wani ya ɗauka ƙwallo za ta ci masa WAEC. A Norway an yi gwaji kan ɗalibai sama da 1,100 'yan aji biyar na firamare, aka ƙara wa wasu lokacin motsa jiki na tsawon watanni. Da aka duba makinsu a jumlace, babu wani bambanci. Inda aka ga alamar amfani shi ne a lissafi, a wajen yaran da tun farko su ne na baya a aji. Haka nan, yawancin binciken da ake yi kan matasa, har da na Koriya, tambaya ce da amsa. Suna nuna cewa masu motsa jiki sun fi samun natsuwa da ƙarancin damuwa, amma ba su iya tabbatar da wanne ya haifi wanne. Wataƙila yaron da dama yake da natsuwa da abokai shi ya fi zuwa fili.

Abin da aka fi samun daidaito a kai shi ne wannan: motsa jiki na gyara hankali na ɗan lokaci bayan an gama, yana taimaka wa barci, kuma rage lokacin aji don ba yara damar wasa bai cika rage musu maki ba. Ga wanda zai zauna awa biyu gaban kwamfuta yana amsa tambaya 180 a JAMB, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fili makaranta ce ta zama da mutane

Maganar iya hulɗa ta fi sauƙin ganewa, don duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa ya san ta. Kafin a fara sai an raba 'yan wasa, sai an yarda da inda raga take, sai an sasanta wa zai tsaya gola. Babu alƙalin wasa, don haka duk rigimar fanareti ku za ku kashe ta da kanku, in ba haka ba mai ƙwallo ya ɗauke abarsa kowa ya rasa. A nan yaro ke koyon ba da haƙuri, da karɓar kaye, da yi wa wanda ba ya so fasin saboda shi ne a buɗe. Wani nazari da Rochelle Eime da abokan aikinta suka yi a Ostireliya a 2013, wanda ya tattara binciken da aka yi kan yara da matasa, ya nuna cewa wasan ƙungiya ya fi wasan mutum ɗaya alaƙa da lafiyar tunani da iya zama da jama'a.

A waya labarin daban yake. Wanda ya ɓata maka rai a Facebook ko TikTok, sai ka zage shi ka toshe shi, shi ke nan. Ba ka ga fuskarsa ba, ba za ku haɗu gobe ba. A fili kuwa wanda ka yi wa keta yau, da shi za ku buga gobe.

Kakanninmu ba su san BDNF ba, amma sun san wannan. Duba langa. Kana tsalle da ƙafa ɗaya, hannunka riƙe da ɗayar, kana lura da abokin gaba, kana kuma kare ruwanku har ya sha. Ƙarfi kaɗai ba ya yi, sai da dabara da haɗin kai. Langa na cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, amma yara nawa ne a unguwarku suka iya ta yau? Haka gaɗa a wajen 'yan mata: tafi, tsalle, waƙa, da faɗawa baya kina da yaƙinin ƙawayenki za su tare ki. Wannan ai darasin amana ne.

Tsallaken iyaka ma akwai abin koyi. Nijar ta mai da kokawa wasan ƙasa tun 1975, lokacin da aka yi gasar farko a Tahoua, Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. Har yau idan ana gasar, jihohin ƙasar takwas kan haɗu, kuma sunan Issaka Issaka na Dosso ba baƙo ba ne a wannan ɓangaren iyakar. Sannan ga Abdoulrazak Issoufou Alfaga, ɗan Nijar da ya ɗauki wasan Koriyawa, wato tekwando, ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, a 2017 kuma ya je har garin Muju na Koriya ta Kudu ya zama zakaran duniya. A gidansu ya same su.

A Jibia motsi bai yi kaɗan ba, wasa ne ya ragu

Idan aka ce wa matashin Jibia ya motsa jiki, yana iya yin dariya. Wanda ya wuni yana dako ranar Lahadi a kasuwar Jibia, ko yana tura kurar ruwa, ko yana ban-ruwa a gonakin rani na kusa da dam, ko yana kai-komo a babur tsakanin Magama da Ɗan Issa, wane motsi za a koya masa? Yarinyar da ta zaga gari da farantin talla a ka ma haka.

Gaskiya ne. Matsalar Koriya zama ce a kan kujera, ta Jibia ta fi haka sarƙaƙiya. Amma aikin ƙarfi da wasa ba ɗaya ba ne. Masu bincike kan manyan ma'aikata a Turai sun lura cewa aikin ƙarfi na wuni guda ba ya ba jiki amfanin da motsa jiki na nishaɗi ke bayarwa, saboda yana da tsawo, babu isasshen hutu, kuma ba kai ke da iko da shi ba. Yaron da ya sauke buhu hamsin, abin da zai kai aji da shi gajiya ce. Kuma dako ba ya koya maka abin da ƙungiya ke koyarwa.

Sannan a duba abin da wannan gari ya gani cikin 'yan shekaru. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. Wasu an buɗe su a Disambar 2020, amma ta Jibia sai Afrilun 2022. Ba a jima ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. Garin da cinsa da shansa ke rataye da iyaka, duk rufewa na nufin uba ya rasa ciniki, yaro ya fita neman na cefane a lokacin da ya kamata yana aji ko yana fili.

Ga kuma matsalar tsaro. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, karatu ya sha tsaiko a sassan jihar. A 2021 an rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure, an kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibia. A 2022 mutanen Shimfiɗa da suka gudo sun samu mafaka a makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke cikin garin. Inda ake wannan, wasan dandali na dare shi ke fara mutuwa. Uwa ba za ta bar ɗanta ya je fili a bayan gari ba, kuma babu mai ganin laifinta.

To me ya maye gurbin dandalin? Waya da gidan kallo. Saurayi zai iya lissafo maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, ya yi awa biyu yana musu a kan Arsenal, amma rabonsa da taɓa ƙwallo da ƙafa tun yana ƙaramar sakandare. Da dare kuma a sayi datar dare a kwana ana latse-latse, alhali likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10. A nan ne ɗan Jibia da ɗan Seoul suka haɗu.

Akwai abu biyu da bai kamata a tsallake ba. Na farko yunwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF na kula da yara masu tamowa a jihar Katsina tun 2021, kuma Jibia na cikin wuraren da take aiki. Ɗalibin da ya zo aji bai karya ba, ko yarinyar da ke fama da ƙarancin jini, gudu ba zai gyara musu hankali ba, abinci ne farko. Na biyu 'yan mata. A binciken WHO, kashi 85 na mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza kashi 78. A wajenmu, da yarinya ta fara girma sai a ce ta daina tsalle-tsalle. Namiji na da fili, ita sai tsakar gida da waya. Alhali jarrabawa ɗaya za su zauna.

Abin da za a iya yi ba sai an jira gwamnati ba

Gwada da kanka. Mako biyu, kafin ka zauna karatu, yi tafiya da sauri ko gudu na minti 20, irin wanda za ka iya magana amma numfashinka ya ƙaru. Ka sha ruwa, ka huta kaɗan, ka ajiye waya a wani ɗaki, sannan ka buɗe littafi. Rubuta minti nawa ka yi kafin hankalinka ya tashi, ka kwatanta da ranakun da ba ka yi ba. Ba sai wani ya faɗa maka sakamako ba.

Ka lura da rana. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yankin. Da sassafe ko bayan La'asar ya fi, kuma a wurin da jama'a suke.

Idan kana aikin ƙarfi, ba ƙarin wahala kake buƙata ba. Nemi wasan da ake yi da mutane ko da sau biyu ne a mako, ka kuma kare barcinka.

'Yan mata, igiyar tsalle ba ta da tsada kuma tsakar gida ta ishe ta. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a gida ɗaya, ku sa rana. Gaɗa ma ba ta tsufa ba.

Malamai kuma, darasin PHE na cikin manhajar ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa a kan allo yake ƙarewa: a zana filin ƙwallo, a rubuta tsawonsa, a kwafa. Gasar wasanni tsakanin gidaje sau ɗaya a shekara ba ta isa ba. A 2012 wata shugabar firamare a garin Stirling na Scotland, Elaine Wyllie, ta fara fitar da ɗalibanta su yi gudu ko tafiya na minti 15 kullum, da kayan makarantarsu, ba tare da sayen komai ba. Yau dubban makarantu a ƙasashe da dama na yin haka. Babu abin da zai hana makaranta a Jibia ko Magama ta gwada a cikin harabarta.

Sai masu riƙe da madafun iko. Ana shimfiɗa layin dogo na Kano zuwa Maradi mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Jibia. Idan jirgi ya fara aiki, ƙasa za ta yi daraja, kuma filin da yara ke buga ƙwallo shi ake fara yankawa a yi shaguna. Yanzu ne lokacin da ƙungiyoyin matasa za su je wurin ƙaramar hukuma da masu unguwanni su nemi a ware filaye a cikin gari, a rubuce, a kuma kewaye filayen makarantu. Ku yi amfani da wayar da ke hannunku: ku ɗauki hoton filin unguwarku, ku sa a shafukanku, ku tambayi kansilanku na wane ne.

Koriya na da kuɗin gina ɗakin wasanni a kowace makaranta, abin da ta rasa shi ne lokacin da za ta ba yaranta. Mu ba mu da irin kuɗinsu, amma har yanzu akwai yamma, akwai abokai, akwai dattawan da suka iya langa. Gobe bayan La'asar, ajiye wayar a caji, ka leƙa fili.